Giga Nawa Ne? Gaskiya da Jita-jita kan Katin Girafik a Ƙofar Kware

Duk matashin da ke son harhaɗa kwamfutar buga gem a Ƙofar Kware, kuma kuɗinsa ƙirgaggu ne, zai sha shawara har ta ishe shi kafin ya kai ga biya. Abokai na da tasu, mai gyara na da tasa, dillalin da ke turo hotuna ta WhatsApp daga Computer Village ta Ikeja ko daga Kano shi ma yana da tasa. Kusan duk maganar a kan abu guda take: katin girafik, wato allon nan mai fanka da ake sokawa cikin kwamfuta don ya zana hotunan da ake gani a monita. Shi ya fi cin kuɗi, shi ya fi shan wuta, shi ya fi ɗaukar zafi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haye 1,500 a farkon 2024, wanda ya yi kuskuren saye yakan daɗe yana jinya. Kayan da ya yi tafiyar wajen kilomita 1,000 daga Legas a bayan mota ba a mayar da shi da sauƙi.

Yawancin shawarwarin da ke yawo an ɗauko su ne daga bidiyon mutanen da ke zaune a ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa. A wannan unguwa ta arewacin birnin Sakkwato, inda hanya ke fita zuwa Kware da Illela, lissafin daban yake.

"Wanga giga huɗu na, ya ɗara wancan mai biyu"

Wannan ita ce uwar jita-jitar, kuma da ita aka fi cin kuɗin mutane. Gigar da ake rubutawa a kwali girman memorin katin ne, wurin da yake ajiye kayan zanensa. Mai yin zanen kuwa ita ce ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashin fanka. Girman rumbu ba ya noma gero. A 2014 Nvidia ta fitar da GT 730, wanda ake samu har da giga 4 na memori mai nawa irin DDR3, ta kuma fitar da GTX 750 Ti mai giga 2 a shekarar. Mai giga 2 ɗin ya ninka mai giga 4 gudu, ba ma kusa ba. Amma har gobe GT 730 ne ke saurin barin shago, don lambar da ke kwalinsa ta fi cika ido.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Kamfanonin da kansu sukan saka suna ɗaya ga kaya biyu. GT 1030 iri biyu ne: na asali mai memorin GDDR5, da wanda aka sako kasuwa a 2018 mai DDR4, wanda gudun memorinsa bai kai rabin na farkon ba. Dukansu giga 2 ne, sunansu ɗaya. GTX 1060 mai giga 3 ba memori kaɗai aka rage masa ba. Ƙwayoyin lissafinsa 1,152 ne, na mai giga 6 kuwa 1,280. Haka RX 580 da ake rubuta wa 2048SP, wanda aka yi don kasuwar Sin: RX 580 na gaske ƙwayoyi 2,304 gare shi, wannan kuwa 2,048, daidai da na RX 570. Ba katin banza ba ne, amma kuɗin RX 570 ya kamata a biya.

Lambar suna ma tana ruɗi. A tsarin Nvidia, lambobin farko zamanin katin suke nunawa, na ƙarshe kuma matsayinsa a cikin zamanin. Saboda haka GTX 1070 na 2016 ya fi GTX 1650 na 2019 ƙarfi sosai, RTX 2060 kuma yana gaban RTX 3050, duk da cewa lambarsa ta fi ƙanƙanta.

Ta ina giga ke da gaskiya? A ƙasa. In memori ya yi wa gem kaɗan, hoto zai riƙa tsayawa yana fizga, ko da ƙwaƙwalwar na da ƙarfi. A yau giga 4 shi ne bakin iyaka ga gem ɗin ƙwallo na zamani, giga 8 kuma yana ba da sarari a monita mai 1080p. Bayan an cika abin da gem ke buƙata, ragowar zaune take kawai.

"Ai kwamfuta ta nuna sunansa, ba jabu ba ne"

Jita-jita ce. Sunan da Windows ke nunawa daga wata 'yar manhaja da ke cikin katin yake karanto shi, kuma ana iya sauya ta. Shekaru da dama masu algus suna ɗaukar tsofaffin katuna irin GTS 450 na 2010, su sauya musu wannan manhajar da kwali, su sayar da sunan GTX 1050 Ti ko GTX 1060. Katin zai tashi, zai nuna hoto, zai ma buɗe gem. Da zarar gem ɗin ya nemi memorin da ya wuce ɗan abin da ke ciki na haƙiƙa, sai ya rufe kansa ko allo ya cika da zane-zane.

Gane shi bai da wuya. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tun 2018 take buga wa irin waɗannan katuna alamar jabu. Ko ba ta buga ba, tana nuna yawan ƙwayoyin lissafi: GTX 1050 Ti na gaske 768 gare shi, GTS 450 kuwa 192. Kafin ma a kunna, a dubi bayan katin. In aka ga shuɗiyar kafar VGA a katin da aka ce GTX 1050 Ti ne ko 1060, a yi taka-tsantsan, domin zamanin GTX 10 ya riga ya bar wannan kafar. Wanda zai saya daga nesa ya nemi dillali ya kira shi ta bidiyo, ya buɗe GPU-Z, ya kunna gem ya bar shi yana gudu. Dillalin da ya ce "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ke nan?" maimakon ya kunna, ya riga ya ba da amsa.

"Kati dai kati ne, soka shi kawai za a yi"

A nan ne na fi ganin kuɗi na nutsewa, kuma a nan ya kamata mai saye ya fara, tun kafin ya tambayi sunan kati. Kwamfutocin tebur da suka fi yawa a hannun mutane a Arewa tsofaffin na ofis ne da aka shigo da su gwanjo, irin HP EliteDesk da Dell OptiPlex. Injuna ne masu ƙarko, amma ba don gem aka ƙera su ba. Siraran cikinsu ba sa ɗaukar kati mai tsawo ko mai tsayi, sai gajere. Fawa-fak ɗinsu, wato akwatin da ke raba wuta a ciki, yawanci tsakanin wat 180 ne zuwa 250 da 'yan kai, kuma ba shi da wayar da ake jona wa babban kati.

Ƙa'idar a fili take. Ramin da ake soka kati a bod yana ba da wat 75, ba ƙari. Katin da ke son fiye da haka dole a ƙara masa waya daga fawa-fak: fulogi mai ido shida yana ƙara wat 75, mai ido takwas yana ƙara 150. GTX 1050 Ti da GTX 1650 an tsara su a kan wat 75, shi ya sa yawancinsu ba sa neman ƙarin waya, kuma akwai gajerunsu. RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024 wat 70 yake sha. RX 580 kuwa, wanda shi ne ɗan gatan masu ƙaramin ƙarfi saboda arha da giga 8, wat 185 yake nema. Wanda ya sayo shi don siririyar HP ya sayi fawa-fak da sabon akwati ke nan bai sani ba, wani lokaci har da bod, domin wasu daga cikin injunan ofis ɗin nan fuloginsu na wuta na kamfani ne, ba ya karɓar fawa-fak na kasuwa.

Sai mai gyara ya ce akwai dabara: wata 'yar waya da ke jawo wuta daga fulogin hadis ta kai wa kati. Fulogin SATA an yi shi ne don wat 54. In aka ɗora masa nauyin da ya ninka haka, roba ce za ta narke, kuma ba kullum take narkewa ita kaɗai ba. Haka fawa-fak maras nauyi a hannu da aka manna wa takardar wat 600 ko 700 ba tare da sunan kamfanin da aka sani ba: takardar ce kawai ke da wat 600. Na gwammace mutum ya sauka mataki guda a kati ya sayi fawa-fak na kirki, da ya hau mataki ya jona wa katinsa abin da zai kashe shi ranar da wuta ta dawo da ƙarfi.

Daga nan sai babbar tambaya: wutar ma daga ina? Sakkwato tana ƙarƙashin Kaduna Electric ne, tare da Kebbi da Zamfara da Kaduna. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya. Wanda ba ya cikin wannan rukunin kuma, wuta ba ta isarsa, da fetur yake biyan bambancin, fetur ɗin da ya haye naira 1,000 a lita a ƙarshen 2024. Bari mu yi lissafi. RX 6600 na 2021 wat 132 yake sha, kuma ya fi RX 580 gudu nesa ba kusa ba. Tsakaninsu wat 53. Mai gidan gem da ke da kwamfuta biyar, yana aiki awa goma a yini, wannan ɗan bambancin ya kai yunit 80 a wata, wato wajen naira 18,000 a farashin 225, kuma a janareta ya fi haka. Arhar RX 580 a ranar saye ce; sauran kuɗinsa ana biya ne wata-wata.

Mai sola ma lissafinsa ke nan. Batir mai 12V da 200Ah yana riƙe wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne ko makamancinsa ba a son a zuƙe fiye da rabi, sai ya rage 1,200. Kwamfuta mai RX 580 tare da monita za ta iya shan wajen wat 300 in gem ya yi nauyi: awa huɗu da kyar. Mai GTX 1650 wajen wat 200: kusan awa shida. Babu mai yin bidiyon gwajin katuna a Amurka da zai gaya maka wannan, don bai taɓa zama yana kallon inbata tana ƙara ana tsakiyar wasa ba.

"Zafin Sakkwato ƙona kati yake yi"

Rabi gaskiya. Kati na zamani ba ya tsayawa ya ƙone. Yana da ma'aunin zafi a ciki. Yawancin katunan Nvidia na zamanin GTX 10 suna fara rage gudu da kansu in sun kai wajen digiri 83, in abin ya ƙi kuma sai injin ya mutu don kare kansa. Abin da zafi ke yi shi ne satar gudu da rage kwana. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Masu gwaji a ƙasashen waje suna aunawa a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai. A watan Afrilu da Mayu Sakkwato tana wuce digiri 40, ɗakin kwano maras silin kuma ya fi waje. Katin da aka ce yana zama a digiri 70 can, a nan zai iya taɓa 85 ba tare da wani ciwo a jikinsa ba. Wannan wani dalili ne na fifita kati mai shan wuta kaɗan, domin duk wat ɗin da ya shiga, zafi yake zama ya fito.

Ƙurar hunturu ta fi zafi ɓarna, don ita a hankali take aiki. Tana cushe tsakanin siraran ƙarafan sanyaya har iska ta kasa ratsawa, tana shiga gindin fanka ta sa ta gurnani. Dabarar da aka saba, ta cire murfin gefe a saita fankar tsaye, tana rage zafi kam, amma tana zuba ƙura da yashi kai tsaye. Ɗaga kwamfuta daga ƙasa zuwa tebur, da hure ta da abin hura iska lokaci-lokaci, sun fi amfani. In za a hure, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Katin da ya shekara biyar ko shida kuma man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Sauya shi aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya. Akwai kuma maganin da ba a biyan ko kwabo: in monita hoto 60 take nunawa a daƙiƙa, a ɗaure gem ɗin a 60. Barin kati yana zana 120 da ido ba zai gani ba ƙona wuta ne kawai.

Maganar katin haƙar kirifto ma a nan ta dace. Ana cewa duk katin da aka yi haƙa da shi gawa ne. A ranar 15 ga Satumban 2022 kirifton Ethereum ya sauya tsarinsa, haƙa da katin girafik ta daina biya, katuna masu ɗimbin yawa suka kwararo kasuwar gwanjo ta duniya. Da yawa daga RX 570 da RX 580 da GTX 1660 Super da ke iso mana daga can suke, ko dillali ya faɗa ko bai faɗa ba. Ba duka ne matattu ba. Masu haƙa da suka san aikinsu sukan rage wa kati wuta don ribarsu, kuma aiki a zafi guda bai fi tashi da saukar zafi illa ba. Abin da ke gajiya shi ne fanka, wadda ta yi shekaru tana juyi dare da rana, da kuma memori. Wasu katunan AMD an sauya musu manhajar ciki don haƙa, sai manhajar direba ta ƙi hawa daidai har a mayar da ta asali. Gwaji ne ke raba gardama: rabin awa ana buga gem mai nauyi, ana duba zafi, ana sauraren fanka, ana lura ko ɗige-ɗige masu launi za su fito a allo.

"Nvidia ce kati, AMD wahala ce"

Tsohon labari ne da ya ƙi mutuwa. A ƙaramin farashi AMD ta sha ba da gudu fiye da kuɗinta, kuma PS4 da PS5 da ake layi a kansu a gidajen gem duk ƙwaƙwalwar AMD ce a cikinsu. Abin lura na gaske shi ne tsufa. Tun 2023 AMD ta rage kula da direbobin zamanin RX 580, Nvidia kuma a ƙarshen 2025 ta daina fitar da direbobin sababbin gem ga jerin GTX 900 da GTX 10, sai gyaran tsaro. Katunan ba su daina aiki ba, amma ba a biya musu kuɗin kayan da ke da sauran gaba. Intel ma ta shigo da Arc a 2022, kuma B580 mai giga 12 da ta fitar a Disambar 2024 a kan dala 249 ya samu yabo. Sai dai yana buƙatar bod da furosesa na zamani, a tsohuwar injin ofis ba ya sakin jiki.

"In ba RTX ba, ba ka fara ba"

Sai a tambayi mai faɗa: wane gem? Mafi yawan abin da ake bugawa a unguwanninmu ƙwallo ne da GTA V da makamantansu. EA Sports FC 24, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, mafi ƙarancin abin da kamfaninsa ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, abin da ya ba da shawara kuma GTX 1660 ko RX 5600 XT. GTA V ya zo kwamfuta tun 2015, kuma GTX 660 mai giga 2 aka ba da shawara a lokacin. Ko a ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata, GTX 1060 ya yi shekaru yana kan gaba a duniya, GTX 1650 ya karɓe shi a ƙarshen 2022, kuma har yanzu fiye da rabin masu wasa a 1080p suke. Masu katin miliyoyi a bidiyo suka fi yawa.

Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce wasu sababbin gem sun fara rufe ƙofa. Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa tashi sai a katin da ke iya lissafin haske irin na zamani, wato daga RTX 20 ko RX 6000 zuwa sama. Wanda ransa ke kan irin waɗannan, RX 6600 ko RTX 2060 Super ko RTX 3060 na hannu shi ne ƙofar shiga. Wanda ba ruwansa da su bai kamata ya biya kuɗinsu ba.

Kuma kati ba ya gudu shi kaɗai. In aka ɗora RTX 3060 a kan tsohon furosesa mai ƙwaya biyu da RAM giga 4, katin zai zauna yana jiran aiki, gem yana fizga, a ɗora wa dillali laifi. FC 24 kansa Core i5-6600K da RAM giga 8 ya nema a mafi ƙaranci, da filin giga 100 a hadis, wanda saukar da shi da datar waya wani kashe kuɗi ne na daban. Sau da yawa ƙara RAM zuwa giga 16 da saka SSD sun fi tsallaka mataki guda a kati tasiri.

Masu laftof kuwa, waɗanda ke zuwa wurin mai gyara suna cewa a ƙara musu girafik: a kusan duk laftof ɗin da ke hannun mutane, ƙwaƙwalwar hoton a like take da bod, ba a cire ta, ba a ƙara ta. Duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan ya ƙara, lamba ya sauya a saiti. Wanda kuma zai fara daga tushe kuma kuɗin kati bai samu ba tukuna, furosesa irin Ryzen 5 5600G na 2021 yana ɗauke da nasa girafik a ciki. Da sandar RAM biyu maimakon ɗaya, yana jan GTA V da gem marasa nauyi a saiti na ƙasa, duk furosesan an tsara shi a kan wat 65, kuma ramin katin na nan a buɗe har ranar da kuɗi suka taru.